Wutar da Ke Bayan Gidan Rustad

Spokane, 12 ga Janairu, 2015

Zuwa ga yayana Torvald,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya, kai da matarka Ione. Yaya sanyin Dakota? Da waya tana da amfani a wurinka da na kira, amma na gaji da yin ihu kana ce mini "Me kika ce?" Na san Ione ce za ta karanta maka wannan tunda idonka ya daina ganin ƙananan rubutu. To Ione, ke ma ina gaishe ki, na gode da lefse ɗin Kirsimeti, burodin dankalin nan naki, ya iso lafiya bai farfashe ba.

Ni lafiyata lau in ban da gwiwa. Maigidana Lyle kuwa ciwon mantuwar nan ba ya komawa baya, amma gidan kula da tsofaffin ya karɓe shi. Wata uku ya yi kafin ya daina neman ƙofar fita. Yanzu ya san kujerarsa, ya san tagarsa, ni ma yana gane ni. Jiya da na shiga ya ce, "Ga 'yar manoman nan. Har yanzu ba ki yi aure ba?" Na ce, "Na yi mana, shekara arba'in da tara ke nan, wani bakanike na aura mai taurin kai." Ya ce, "Allah sarki, sai haƙuri." Muka yi ta dariya har ma'aikaciya ta leƙo.

Bayan haka, Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kasona na man da ake haƙa a ƙarƙashin gonarmu ya zo wannan wata, ko sulusin abin da na saba samu bai kai ba. Na kira kamfanin. Matar da ta ɗauka ta ce hukumar jiha ta sa iyaka kan gas ɗin da ake ƙonewa a bakin rijiya. Rijiyar da ta wuce iyaka dole a rage man da take fitarwa har sai an ja bututun da zai kwashe gas ɗin. Na ce, "To ku ja mana." Ta ce, "Kayan aikinmu a shirye suke, Misis Dahlgren. Kowa ya sa hannu a hanyar bututun, saura mutum ɗaya." Na ce wa? Sai ta karanto mini sunan yayana.

Na ce mata kuskure ne, ƙila takardar ce ta ɓata a hanya. Ka san da wannan kuɗin nake biya wa Lyle wurin da yake. Don Allah ka duba teburin kicin, na san halinka da takardu.

Ƙanwarka,
Borghild

*

Gonar Rustad, kusa da Arnegard, 26 ga Janairu, 2015

Borghild,

Na sami wasiƙarki, mun ji daɗin labarin Lyle. Ki gaishe shi ko da bai san wane ne ke gaisuwar ba. Mu muna nan. Ruwan shanu ya daskare sau biyu. Ione tana ɗan fama da tari, tana gaishe ki. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, haka nake iya ganin abin da na rubuta.

Takarda ba ta ɓata ba, tana nan. Mutumin kamfani ya zo sau uku. Ya ce, "Mista Rustad, ai kai ne ka fi kowa ƙorafi kan wutar nan, ga shi za mu kashe maka ita gaba ɗaya." Na ce, "A ina za ku haƙa?" Ya nuna mini taswira. Tsakanin gida da rumbu, taku arba'in daga ɗakin kwananmu. Wata biyu ana haƙa, manyan motoci suna shige da fice. Na ce su zagaya ta arewa. Ya ce ta arewa kwari ne, kuɗin zai ninka. Na ce, "To ka sha kofinka kafin ya huce."

Ke ba ki zo ba tun da aka kunna wutar nan, shekara uku ke nan. Tsayinta ya fi na rumbu, ƙararta kamar jirgin sama da ya ƙi tashi ya ƙi sauka. Ni kurma ma ina jin ta a haƙorana. Tagogi suna kaɗawa, wanki ya dawo da baƙar toka. Tun Nuwamba da suka shaƙe bakin rijiyar, wutar ta koma 'yar ƙarama, gida ya yi tsit. Ba zan ɓoye miki ba, ranar da suka rage ta na durƙusa na gode wa Allah.

Kuma ki sani farashin mai ma ya faɗi, ba ni na kayar da shi ba.

Zan sa hannu, amma ba yanzu ba. Ki ba ni lokaci.

Yayanki,
Torvald

*

Spokane, 9 ga Fabrairu, 2015

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, Allah ya sawwaƙe wa Ione tarin. Ta sha zuma da ruwan zafi.

Na karanta wasiƙarka sau huɗu, kullum a wuri ɗaya nake tsayawa. Ka durƙusa ka gode wa Allah. Ranar da aka yanke abin da mijina yake kwana da shi, yayana ya durƙusa ya yi godiya, har ya sami bakin rubuto mini.

Ka tuna ranar da lauya ya karanta wasiyyar Baba? Kai aka ba gona da gida da shanu. Ni aka ce an ba ni "abin da ke ƙarƙashin ƙasa." Kawu Einar ya fashe da dariya ya ce, "Borghild ta gaji tsutsotsi." Kowa ya dara, har kai. Na koma mota na yi kuka, Lyle ya ce in share, shi yana da hannu biyu. Shekara talatin ban ce maka uffan ba, ban nemi ko ɗan maraƙi ba. Da rijiyar nan ta zo ban sayi mota ba, ban je yawon duniya ba. Ta zo daidai lokacin da Lyle ya fara sa takalminsa a firji, na ce Ubangiji ne ya ajiye mini ita don wannan rana.

Shekaranjiya shugabar gidan ta kira ni ofis. Mace ce mai kirki, har ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Za mu iya jira zuwa ƙarshen Maris. In kamfanin ya ba ki takarda cewa an fara aikin bututun, zan roƙar miki ƙarin wata uku." Na ce in babu fa? Ta ce sai a mayar da shi gidan da gwamnati ke biya, can wajen gari, mutum biyu a ɗaki. Likitansa ya ce masu irin ciwonsa in aka canza musu wuri, da yawa ba sa dawowa yadda suke.

Wata biyu na ƙarar mota ne, Yaya. Ka ce in ba ka lokaci. Lokacin me? Ka gaya mini dalili ɗaya wanda zan iya riƙewa. Naka sai naka aka ce, ni kuwa ba ni da kowa sai kai.

Borghild

*

Spokane, 6 ga Maris, 2015

Torvald,

Gaisuwa, in har kana buƙatarta.

Kwana ashirin da biyar ban ji daga gare ka ba. Na kira sau shida, wayar tana ta ƙara babu mai ɗauka. Na kira kamfani, sun ce ranar Talata mutuminsu ya zo, ko ƙofa ba ka buɗe masa ba.

Na zauna na yi tunani, na ga wannan ba halinka ba ne. Kai ne ka goya ni mil biyu cikin dusar ƙanƙara ranar da na karye a makaranta. Ruwa ba ya tsami banza. Tunda na san wadda take karanta wannan takarda, bari in yi magana da ita kai tsaye.

Ione, ke ce. Na san ke ce. Tun ranar da aka kafa rijiyar nan kike ciwon zuciya, ke da hayaƙi ni da kuɗi, haka kika gaya wa matan coci, labari ya iso mini. Taku arba'in daga tagarki, shi ne damuwarki. Kada a taka miki furanni, kada a hana ki barcin rana. Kin shigo gidan ubana kin zauna shekara hamsin, ban taɓa ce miki matsa ba. Yau ina roƙon wata biyu a ƙasar da aka haife ni, kin hana. Ki ji daɗin shirunki. Allah ya sa ranar da kike buƙatar mutum ki sami wanda ya fi ki tausayi.

B.

*

Gonar Rustad, 13 ga Maris, 2015

Borghild 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Lyle. Ki gafarta rubutun.

Na karanta wa Torvald wasiƙarki tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Ya so ya fizge ta, na ce ai ni aka rubuto wa. Kin yi gaskiya, ni ce. Amma ba furanni ba ne.

Tarin nan ba tari ba ne. Tun Oktoba likitocin Minot suka ce ciwon daji ne a huhu, ya riga ya bazu. Na ce ba na son asibiti, a gida zan ƙarasa. Ni na sa Torvald ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, musamman ke, don nauyin Lyle ya ishe ki. Lokacin da kika yi ta kira muna asibiti, kwana goma sha ɗaya, ruwa suka zuƙe mini a ƙirji. Wasiƙarki ta Fabrairu ya ɓoye ta a aljihun kwat, ya kai wa fasto ya karanta masa. Ban san halin da kike ciki ba sai yanzu. Da na sani da tuni na sa shi ya sa hannu.

Na ce masa, "Tor, ɗauko takardar nan." Ya ce, "Ba mai haƙa rami a bakin tagarki kina kwance." Na ce, "Ai ko ba su haƙa ba kai za ka haƙa mini nan ba da jimawa ba." Bai yi dariya ba. Kin san yayanki, jaki ma ya fi shi sauƙin juyawa. Amma ke yana jin maganarki in kina gabansa.

Ki zo, Borghild. Ki hau jirgin ƙasa zuwa Williston, kwana ɗaya ne. Mu taru mu biyu mu tanƙwara shi, ki koma da takardarki kafin ƙarshen wata. Ni ma ina son ganinki. Maganar da na yi a coci na yi ta, kuma na ji kunyarta. Ina so in faɗa miki haka da bakina, ina kallon fuskarki.

Kada ki daɗe.

Taki,
Ione

*

Spokane, 31 ga Maris, 2015

Torvald,

Ina fatan kana lafiya. Ba roƙo na zo yi ba, labari ne kawai, don ka san yadda aka ƙare.

Jiya aka mayar da Lyle. Na gaya masa yawo za mu je, ya sa hularsa yana murna. Da muka isa ya tsaya a bakin ɗakin ya ƙi shiga. Ya ce, "Wannan ba gidanmu ba ne, akwai mutum a ciki." Mutumin gadon kusa da shi yana ta kiran sunan wata mata. Sai da maza biyu suka riƙe shi. Lyle da ko kare bai taɓa ɗaga wa hannu ba ya kai wa ɗaya naushi. Da suka kwantar da shi ya juyo ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, don Allah ki kira mini matata, za ta zo ta fitar da ni."

Mota biyu nake hawa kafin in isa wurin, awa ɗaya da rabi.

Na ga ambulan da rubutun matarka. Yana nan kan firji, ban buɗe ba, kuma ba na jin zan buɗe. Ba ni da ƙarfin jin bayani kan furanni. Ku riƙe takardarku.

Borghild

*

Gonar Rustad, 9 ga Afrilu, 2015

Borghild,

Ina fatan kina lafiya. Na ji abin da ya sami Lyle, fasto ya karanta mini.

Ione ta rasu ranar Alhamis, biyu ga wata, da hantsi. Mun binne ta ranar Litinin a maƙabartar cocinmu, kusa da Mama. Na sa fasto ya kira ki sau biyu, ba ki ɗauka ba, ƙila kina hanyar zuwa wurin Lyle. Na hana shi barin saƙo. Ba irin maganar da ake bar wa na'ura ba ce.

Ki buɗe wasiƙarta, ta fi ni iya bayani.

Tun da ta aika miki ta sa na juya gadon yana kallon hanya. Ta lissafa kwanakin. Ta ce kwana huɗu takarda ta isa, kwana biyu ki sami mai duba Lyle, kwana ɗaya a jirgi. Ranar ashirin ga wata ta sa na gyara ɗakinki na da, na shanya bargo. Duk motar da ta rage gudu a kwana sai ta ce, "Duba mini, Tor." In duba in ce ta masu ruwa ce, ko ta mai kawo wasiƙu. Ta ce, "Gwiwarta ce, sai a hankali." Bayan mako guda ta daina tambaya. Ba ta yi fushi ba. Abin da ta ce kawai, "Na ɓata mata rai fiye da yadda na zata."

Wasiƙarki ta ƙarshe ta zo bayan an binne ta. Na gode wa Allah da wannan. Kada ki sake fahimtar godiyar tawa a karkace.

Ba ke kaɗai ce da laifi ba, ba zan bari ki ɗauka duka ba. Kin ce in ba ki dalili ɗaya, ina da shi a bakina na haɗiye. Na ce rantsuwa na yi. Gaskiyar ita ce in na rubuta miki cewa za ta mutu, to za ta mutu ke nan. Kuma na auna mutum biyu, na zaɓi nawa. Na san abin da nake yi wa Lyle. Na yi zaton za ta cika kafin ƙarshen Maris, in sa hannu a kan lokaci, kowa ya tsira. Ki duba irin lissafin da na zauna ina yi a gefen gadon matata. Ta wuce lissafina da kwana biyu.

Shirun da take so kuwa ta same shi. Ranar Lahadin ƙarshe ta ce in buɗe taga, ta ji kukan tsuntsayen farkon bazara a kan shinge, wanda rabonta da ji shekara uku. Ta ce, "Ashe suna nan." Ni ban ji komai ba, na ce mata na ji.

Jiya na shiga Watford City na sa hannu. Mutumin ya yi mini ta'aziyya, ya karɓi takardar ya sa a aljihun tebur. Na ce yaushe za su fara? Ya sosa kai ya ce, "Gaskiya, Mista Rustad, da a Janairu ne da tuni mun gama. Yanzu da farashin nan an dakatar da sababbin bututu duka, an sallami ma'aikatan. Sai dai baɗi, in abubuwa sun gyaru." Na ce rijiyar fa? Ya ce haka za ta zauna a shaƙe.

Ina da maruƙa arba'in da zan sayar a kaka. Ki tambaya ko tsohon wurin zai sake karɓarsa.

Yayanki,
Torvald

*

Spokane, 16 ga Afrilu, 2015

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Allah ya ji ƙanta, ya ba ka haƙuri. Ka gode wa fasto da zai karanta maka wannan, kuma ya yi haƙuri da abin da zai ji.

Na buɗe. A tsaye na karanta, a gaban firji. Kwana ashirin da tara tana nan, kullum ina wucewa ta gabanta in ɗauko madara. Sau ɗaya har na ɗora kofi a kanta, akwai shatin a jikin ambulan. Ta iso sha bakwai ga Maris. Da na yage bakinta a ranar, da na same ta tana magana.

Na yi mata addu'a Allah ya haɗa ta da wanda ya fi ta tausayi ranar da take buƙatar mutum. Ta buƙaci mutum, ta kira ni. Kuma ka ce da bakinta ta karanta maka, har ƙarshe. Yaya, da wace murya ta karanta? A'a, kada ka gaya mini.

Ka riƙe maruƙanka. Na tambaya, sun ba wani ɗakin, kuma likita ya ce sake ɗaga shi zai fi barin sa muni. Ya daina cin abinci da kansa. Ba na ce ba ka da hannu a ciki ba, kana da shi, kuma ban san ranar da zan daina jin haka ba. Ni ma da an ba ni zaɓin, nawa zan zaɓa. Ai shi na zaɓa.

Ranar da wasiƙarka ta zo na je wurinsa, don ba ni da inda zan je. Na zauna ina kuka. Ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, me ya faru?" Na ce, "Matar yayana ce ta rasu." Ya ce, "Ayya. Kin je jana'iza?" Na ce ban je ba. Ya ce, "Me ya sa?" Ya juya yana kallon bango. Can ya sake juyowa ya ga hawaye, ya ce, "Baiwar Allah, me ya faru?" Haka muka yi ta yi har lokacin tashi. Sau bakwai ya tambaye ni me ya sa. A na ƙarshe na ce, "Fushi nake yi da ita." Ya girgiza kai ya ce, "Kai, wannan bai isa dalili ba."

Na sami wata 'yar cocinmu da za ta riƙa leƙa shi na mako guda. Zan hau jirgin ranar Laraba, ashirin da biyu ga wata, ya iso Williston da yamma. Ba don takarda ba, ba don komai ba. Ina so ka kai ni inda take, in faɗa mata abin da zan faɗa, ko da ƙasa ce za ta ji.

In ka zo tasha, to. In ban gan ka ba zan gane, zan zauna a kan benci in jira jirgin komawa.

Ƙanwarka,
Borghild